Ragowar Halaga

Kofi ɗaya, riyal goma sha biyu.
Haka aka rubuta a jikin shagon Kandara.
Na tsaya ina lissafi da yatsu:
kuɗin tarar Saratu na mako guda
a narke cikin ƙanƙara.
Na haɗiye yawu, na wuce.

Likita kuwa ya riga ya yanke:
"Malam Barau, jininka ya hau,
ka bar lemon gwangwani, ka nemi ɗanyen abu."
Kai ka ce a lambun Kadawa muke,
inda yaro ke korar kare da tumatir.

Ilu direba ne ya buɗe min ido.
Ya ce, kada ka je Halaga da asuba,
safiyar Jidda ta masu otal ce.
Bari sai rana ta gaji, 'yan kasuwa sun gaji,
gindin kwali ya fara laushi.

Can na san Ammu Salihu, mutumin Yaman,
haƙorin zinare ɗaya, baki kamar reza.
Lemon Masar da ya bugu a mota,
karas mai ƙafa biyu da matan gida suka ƙi,
kankanar da ta tsage a kafaɗa,
mangwaron Jizan mai tabo kamar fuskar ɗan dambe,
duk ya turo min da ƙafa.
Biyar, in ji shi.
Na ce huɗu. Ya kira Allah shaida, ya kira kakansa,
ya karɓa,
ya jefo min damin na'ana'a a kai.

Injin markaɗen a gwanjon Sawarikh na tsince shi.
Murfin ba nasa ba ne,
sai an danne da tafin hannu,
yana kuka kamar babur a hanyar Rano.
Ranar farko ban danne ba.
Har yau karas na nan a silin,
Tanimu ya rantse taswirar Najeriya ce,
Legas kawai ta zubo ƙasa.

A hankali hannu ya koya.
Wuƙa ta bi ruɓa, ta tsaya inda lafiya ta soma.
Kokwamba na ƙara auki, ba ta ƙara kuɗi.
Citta gaɓar yatsa ɗaya, in ta wuce haka faɗa take.
Dabino uku a jiƙa tun azahar,
ba ruwanmu da sukari.
Lemon tsami daga ƙarshe, kada launi ya mutu.
Tuƙar ma ba ta ganin shara,
gobe tana cikin miya, ba wanda ya taɓa tambaya.

Mu shida ne a ɗakin, kofuna huɗu.
Kowace Alhamis riyal guda-guda
a gwangwanin madara bayan ƙofa.
Biyu su jira, suna kallon maƙogwaron huɗu.
Wani dare Ilu ya ɗaga lemo mai rauni,
ya juya shi a hasken fitila,
ya ce, "Mu ma ai a mota muka bugu."
Aka yi dariya. Ba ta daɗe ba.

Saratu ta kira ranar Juma'a,
ta juya min waya ga gwaibar tsakar gida:
ta nuna, tana zuba, awaki sun ƙoshi har suna tsallakewa.
Na ce ki tsince, 'yata.
Ta ce, Baba, wa zai sha?

Makon jiya Ammu Salihu ya tambaye ni
ko tumaki nake kiwo a bene.
Na kai masa gora guda, da sanyinta.
Ya kurɓa, ya rufe ido,
ya sake kurɓa, ya goge gemu,
ya daɗe yana duban kwalin da ke ƙafarsa.

Sannan ya ce:
daga yau, shida.